Asabar ɗin da Teku Ta Zo Ɗaukar Motarmu

Cikin shekara ashirin da shida da na yi ina tuƙin motar aiki, ranar da ta ƙi fita daga raina wata Asabar ce, a bakin teku tsakanin Wida da Kwatano. Ku ƙannena direbobi, na sha ba ku labarinta a gutsure a garaji, kuna dariya ina dariya. Yau da aka yi sadakar arba'in ɗin Malam Haru, na ga ya kamata in rubuta shi daga farko har ƙarshe, domin ɓangaren da ya shafe shi ban taɓa faɗa muku ba.

Ga waɗanda ba su riske shi ba, Malam Haru malamin gona ne, shi ne shef, wato shugaba, na reshen furoje, shirin bunƙasa noman gyaɗa da nake wa tuƙi a Dungas. Dogo ne, marar yawan magana. Ni kuwa sunana Lawali, kuma a lokacin kat-kat ɗin reshen, motar shiga yashi, tana hannuna.

Abin ya faru kafin a rufe iyakar Gaya, bayan an gama ɗibar gyaɗa. Furoje ya zaɓi manoma shida daga Dungas da Mallawa da Danciyau, aka ce mu kai su ƙasar Benin su ga yadda matan can suke matse mai da suyar ƙuli-ƙuli. Biyu daga cikinsu za ku riƙa jin sunansu. Akwai Baba Ɗan Jimma na Mallawa, dattijo mai ciwon gwiwa da sanda, da Hajiya Tsahara ta Danciyau, shugabar ƙungiyar mata masu man gyaɗa. Taubasai ne, uwarsa da ubanta ciki ɗaya. Tun daga Magarya suka fara tsokanar juna, yana ce mata baiwata, tana ce masa bawana, ba su huta ba har muka ƙetare gadar Gaya.

Sai in bayyana ƙa'ida guda ga wanda ba ɗan aikin ba. Motar aiki ba ta fita sai da takardar misiyo. A cikinta ake rubuta lambar mota, sunayen mutane, da garuruwan da aka yarda a je. Ita jandarma ke dubawa a hanya. A cikin mota kuma akwai karne, littafin da direba ke rubuta inda ya tashi da inda ya sauka, shef ya sa hannu. In wani abu ya sami mota a garin da ba ya cikin takarda, direba ake fara kamawa, sannan wanda ya sa hannu. Na ga an sallami direba a kan abin da bai kai haka ba. Takardarmu gari uku ta ambata: Faraku, Bohiko, Kwatano.

Aikin da ya kai mu ya ƙare ran Laraba. Ran Alhamis masu masaukinmu suka ɗauke mu cikin motarsu, suka zaga da mu. Mun ga babbar kasuwar Dantokpa, wadda in ka saki hannun ɗan'uwanka sai dai ku haɗu a masauki. Mun ga ƴan kabu-kabu sanye da riguna ruwan ɗorawa, sun cika titi kamar fari sun sauka a gona. Daga kan gada muka hango jiragen ruwa sun yi layi suna jiran shiga tasha, kowanne ya fi unguwa guda tsawo. Sannan aka sa mu a kwalekwale zuwa Ganbiye, garin da aka kafa bisa turaku a tsakiyar ruwa. Gidaje a kan ruwa, masallaci a kan ruwa, mace na tuƙa kwalekwalenta da tumatir da barkono tana talla ƙofa ƙofa. Baba Ɗan Jimma ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To su waɗannan, in mutum ya yi fushi da matarsa, ina yake fita ya zauna?"

A can ne wani ya ba manoman labarin Wida, tsohon garin da ke yamma da Kwatano, inda aka riƙa loda bayi a jirgi. Manoman suka roƙi shef. Motar masu masauki ba ta samuwa ran Asabar, kuma Litinin za mu juya gida. Malam Haru ya ce mini, "Malam Lawali, Wida ba ta cikin takarda. Ni zan sa hannu. In ba ka so, ka faɗa." Na ce ina so. Ni ma ban taɓa zuwa ba.

Mun isa da hantsi. An nuna mana ɗakin macizai, inda mesa ke kwance a ƙasa ana girmama ta. Hajiya ta tsaya a ƙofa ta ce ko da kuɗi aka haɗa ta ba za ta shiga ba. Daga nan muka bi hanyar da bayin suka bi, har zuwa wata doguwar ƙofa da aka gina a bakin teku, ba bango a damanta, ba bango a hagunta. Mai yi mana bayani ya ce wanda ya wuce nan ba ya dawowa, kuma cikin waɗanda suka wuce akwai mutanen da aka koro daga arewa. Malam Haru yana fassara mana, muryarsa na raguwa. Ban san ko kowa ya lura ba, amma daga wannan wuri ban sake jin Baba ya ce baiwata ba, ban sake jin Hajiya ta ce bawana ba. Tsokana dai ba su fasa ba.

A bayan ƙofar nan na fara ganin teku sosai. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Mu a wurinmu duk abin da ka hango yana da ƙarshe, ko tudu, ko gawo, ko rumbun wani. Wannan ba ta da shi. Ruwa ne har inda ya haɗu da sama, yana numfashi kamar dabba mai barci. Kowa ya gangara ya taɓa, ban da Baba. Yashin wurin mai laushi ne, sandarsa nutsewa take yi, sai ya zauna a gindin ƙofar yana hange.

Da za mu koma, muka biyo hanyar masunta, wadda ke bin gaɓar teku cikin itatuwan kwakwa. Baba yana baya, ya kasa haƙuri.

"Shef, kwana uku muka yi a hanya. In koma Mallawa a ce mini ka taɓa teku, in ce na dai hango ta?"

Hajiya ta ce, "Ka ce musu har wanka ka yi. Ai sun saba da ƙaryarka."

"Ke da kika gudu daga macijin da ko haƙori ba ya nunawa?"

Malam Haru ya dube ni. "Malam Lawali, motar za ta iya sauka da shi?"

Na ce, "Shef, yashin Dungas bai taɓa riƙe ni ba, balle wannan."

Ina so ku sani ban yi gaggawa ba. Duk abin da aka koya mini na yi. Na tsaya, na sauka da ƙafa, na bi yashi mai laushi har na kai inda yake da danshi. Na doka dunduniya, na ji shi da tauri kamar daɓen ɗaki. Na rage iskar tayoyi. Sannan na ɗaga kai na duba sama, gabas da yamma, kudu da arewa. Kun san dalili. A ƙasarmu ruwa ba ya zuwa wurin mota sai in hadari ya kawo shi. Kafin ka ajiye mota a cikin kwari, sama kake dubawa. In ba girgije, tabki yana nan inda ka bar shi, gobe ma a nan za ka same shi, sai dai ya ragu. Ranar nan sama fes take. Can gefe, kamar taku ɗari biyu, masunta sun yi layi suna jan igiyar taru, babbar komar kamun kifi. Ban je na gaishe su ba. Ban ga abin da zan tambaye su ba.

Na sauko da mota a hankali, na tsayar da ita tana fuskantar teku, taku ashirin daga inda kumfa ke tsayawa. Baba ya fito, ya dogara sandarsa, ya isa bakin ruwa. Ya kamfata ya kai baki, ya tofar.

"Kai! Wa ya jiƙa gishirin Bilma duka a nan?"

Ya tambayi shef ko alwala ta halatta da shi, shef ya ce ta halatta. Ya yi alwalarsa a tsanake. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ban san ko gishirin ne ba. Ya ce mu bar shi a inuwar mota, a nan zai yi sallarsa a zaune. Mu kuma muka hau tudu gindin kwakwa, muka yi azahar da la'asar a haɗe irin na matafiya. Wata mata ta sare mana ɗanyar kwakwa muka sha. Iska na kaɗawa, hira ta yi daɗi. Mun fi awa ɗaya a wurin.

Muryar Baba ce ta katse mu.

"Direba! Direba! Tabkin nan naku tafiya yake yi!"

Na miƙe. Kumfar da na bari taku ashirin gaban mota tana lasar tayoyin gaba. Baba ya haye kujerar mota ya ɗage ƙafafu, takalminsa ɗaya na yawo a ruwa. Na sake duban sama. Babu ko ɗigon girgije.

Maza biyu cikin manoman suka ruga suka tallabo Baba zuwa tudu. Da haka muka yi tun farko, da mota ba ta sauka ba. Na shiga na tayar da inji, na sa giyar baya. Tayoyi suka juya, motar ba ta motsa ba, sai ma ta zauna. Na fito da felu, wato shebur, da faya-fayan ƙarfen da muke shimfiɗa wa taya. A yashin gida, in ka haƙa ka shimfiɗa, ka fita. A nan kuwa ina haƙawa, ruwa na zuwa ya mayar. In zai koma kuma, sai ya kwashe yashin da ke ƙarƙashin taya ya tafi da shi. Kowane zuwa motar na ƙara nutsewa kamar ɗan yatsa biyu. Faifai ɗaya ya shige ƙasa ina kallo, ban sake ganinsa ba.

Malam Haru ya ɗauko jakar takardu ya miƙa wa Hajiya. Ya tuɓe rigarsa, ya durƙusa kusa da ni yana haƙa da hannu. Ruwa ya kai gindin ƙofa.

Na ce, "Shef, aikina ya tafi."

Ya miƙe, ya dubi motar, ya dubi masuntan nan, sai ya kama gudu. Ban taɓa ganinsa yana gudu ba sai ranar.

Ya dawo da wani gajeren dattijo mai furfura, da malafa da ɗaurin zane. Shi ne babban masu tarun. Faransancinsa kaɗan ne, amma sun fahimci juna da shef. Ya zaga motar sau ɗaya, sannan ya kama hannuna ya ja ni sama, ya nuna mini wani layi na ɓawon kwakwa da tarkacen ciyawa da ya miƙe a kan yashi iyakar ganin ido. Layin yana bayan motar da nisa.

Malam Haru ya ce, "Ya ce nan ruwan zai kawo kafin la'asar sakaliya. Kullum haka yake, sau biyu ya cika, sau biyu ya janye. Ba ruwansa da hadari."

Sau huɗu na tsallake layin nan da ƙafata. Ni da nake duban sawun taya in faɗa maka motar da ta wuce da nauyin da ta ɗauka.

Dattijon ya yi kira da wani irin sauti. Mutanensa suka naɗe igiyar tarunsu a gindin kwakwa, suka bar ta. Daga baya na gane abin da hakan ke nufi: taru in aka daina ja, yakan saki, kifi ya samu hanya. Tun safe suke jan sa. Suka taho, maza da mata, sun fi arba'in, da wata igiya mai kaurin hannu da gungumen itatuwan da suke gangara kwalekwale a kai. Suka ɗaura igiyar a bayan mota, suka cusa itatuwan bayan tayoyi. Dattijon ya yi mini nuni in shiga, in kashe inji, in fitar da giya, in riƙe bolan, wato sitiyari, kawai kada tayoyi su karkace.

Na ce, "Shef, in na kashe inji, me zai fitar da ita?"

Ya ce, "Yi abin da ya ce, Malam Lawali. Nan ba Dungas ba ne."

Na kashe. Shef ya tafi ya kama igiya tare da su, manomanmu ma suka kama, har Hajiya. Kowa ya ba teku baya ko gefe. Ni kaɗai na rage ina fuskantar ta.

Dabarar dattijon ita ce ba a ja sai lokacin da raƙumin ruwa ya iso. Ni a tunanina lokacin ne mafi muni. Ashe in ruwan ya shigo ƙarƙashin mota yakan ɗan ɗaga ta, yashi ya sake ta. Dattijon ya tsaya cikin ruwa har cinya, hannunsa a sama, yana barin ƙananan su wuce, yana jiran babba.

Na gan shi tun daga nesa. Da farko wani duhu ne a fuskar ruwan, sai ya fara tashi, yana tahowa ba gaggawa. Da ya matso sai ya miƙe tsaye a gabana, ya rufe mini sama. Kore ne, garau kamar kwalba, rana na ratsa shi. A cikinsa na ga ƙananan kifaye sun jeru a gicciye, suna iyo hankalinsu kwance, sama da kan motata. Na manta da mota. Na manta da takarda. Bakina yana ta faɗin Allahu akbar ba da niyyata ba. Sai kansa ya yi fari, ya lanƙwaso, ya faɗi da ƙara irin ta aradun farkon damina. Kumfa ta rufe gilashi, na ji motar ta yi sauƙi a ƙarƙashina kamar an ɗauki jariri. A bayana wani ya ba da waƙa, mutum arba'in suka amsa da murya ɗaya, igiya ta miƙe.

Taku ɗaya muka samu a jan farko. Suka gyara itatuwa, aka jira wani. Ban ƙidaya ba, amma an yi ja shida ko bakwai kafin na ji tayoyin baya sun hau busasshen yashi. Ba su tsaya ba sai da suka wuce layin ɓawon kwakwar.

Na fito daga mota. Kafin in sami bakin godiya, sun riga sun koma wurin tarunsu. Baba Ɗan Jimma yana zaune da takalmi ɗaya, ya ce, "Shef, wannan ai gayya suka yi mana. Wanda aka yi wa gayya ba ya tafiya ya bar gonar mutane." Sai muka bi su muka kama igiya. Mun ja har rana ta yi sanyi, hannun shef ya saɓule. Da tarun ya fito, kifin bai taka kara ya karya ba. Dattijon ya duba, ya ɗaga kafaɗa, ya yi dariya. Hajiya ta buɗe jakarta ta juye wa matan ƙuli-ƙulin Danciyau da ta kawo don nuni, suka ɗanɗana suna gyaɗa kai. Inji ya tashi a bugu na uku.

Washegari da safe na kai motar aka wanke mata gishiri, na dawo na sami shef da karne. Na bar layin Asabar babu komai.

Na ce, "Shef, in aka rubuta yawon cikin Kwatano, babu wanda zai sani. Manoman ba za su faɗa ba."

Ya karɓi alƙalami. Ya rubuta Wida, ya rubuta hanyar masunta, ya rubuta cewa mota ta shiga ruwan teku har gindin ƙofa, a duba birki da wayoyi. Ya sa hannu. Ya ce, "Wani zai tuƙa ta bayanka. Ya kamata ya san abin da ta sha."

Mako guda bayan mun dawo aka kira mu babban biro, ofishin furoje, a Damagaram. Direkta, babban shugaban furoje, yana zaune da karnen a buɗe gabansa. Ya dube ni ya ce, "Wa ya ce ka saukar da motar furoje bakin teku?"

Kafin in buɗe baki, Malam Haru ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na fita daga takarda. Ni na tambaye shi ko za ta sauka, ni na amince. Masu wurin suna gabanmu, ni ne babba, ban tambaye su ba."

Bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Ya dai bar maganar da na yi ta yashin Dungas, ni ma na bar ta. Aka ba ni gargaɗi a rubuce, na koma kan motata. Shi kuwa aka hana shi jagorancin misiyo, kuma kujerar da kowa ya san ana shirin ba shi a Damagaram aka ba wani. A Dungas ya zauna har ya ajiye aiki. Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Ni kuma na yi ta jiran ranar da ta dace in yi masa godiya, kunya na hana ni.

Kwana goma kafin rasuwarsa na je duba shi a asibiti. Ya rame ƙwarai. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam Lawali, ranar nan ni igiya kawai na gani da ƙeyar wani masunci. Kai da ka fuskance ta, me ka gani?"

Na faɗa masa. Ya rufe ido yana saurare. Da na gama na ce, "Shef, akwai maganar da na daɗe ina so in yi, a kan abin da ka yi mini a biro."

Ya ɗaga hannu kaɗan. "Bar wannan. Koma kan kifayen. Ka ce sama da mota suke?"

Na koma kan kifayen. Ban sake samunsa a farke ba.

Ƙannena, abin da na iya na yashi gaskiya ne, kuma har gobe ina alfahari da shi, amma iyakarsa ƙasar da na koye shi. In aiki ya kai ku wurin da ba naku ba, ku kashe mota, ku taka ku gai da mutanen da kuka tarar, ku tambaye su kafin ku duba sama. Ku rubuta gaskiya a karne ko da za ta ci ku. In kuma Allah ya haɗa ku da shugaban da zai tsaya gabanku ranar da kuka yi kuskure, kada ku jira ranar da ta dace. Ku yi masa godiya tun a bakin ƙofar biro, ko da zai ce ku bari.

Allah ya jiƙan Malam Haru, ya sa ya huta.